Daga Akil Zuwa Al'ul: Doguwar Tafiyar Sunan Itacen Ƙamshi

 

Makonni biyu da suka wuce wata 'yar uwa ta turo mana babi uku na littafin da take rubutawa, ta ce mu duba mata. Labarin yana da daɗi, hannunta kuma ya fara faɗawa. Amma da aka zo kai amarya, a wani ƙauye da ta ce yana tsakanin Kunya da Minjibir, a shekarun 1970, sai muka ci karo da jimlar da ke cewa ɗakin ya turnuƙe da ƙamshin "oud". Haka ta rubuta kalmar, da o da u da d, yadda ake buga ta a jikin kwalaben Dubai. Muka yi alama a wurin muka wuce.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, kakarmu tana ɓarar gyaɗa, sai muka tambaye ta: "Iya, a zamaninku da me ake turara ɗakin amarya?" Ta ce kajiji ne da hano da jawul, wadda ubanta ke da hali a ƙara mata sandal. Muka ce, "To ud fa?" Ta ɗago kai ta ce, "Wane ne kuma ud?" Muka kwatanta mata baƙin itacen nan mai nauyi da alhazai ke zuwa da shi. Ta yi dariya ta ce, "Al'ul kuke nufi? Ku dai 'yan boko kun iya sake wa abu suna. Ai wannan sai gidan sarauta da na manyan attajirai. Ni sau ɗaya na taɓa ganin sa, ɗan guntu kamar yatsa, a ƙulle cikin tsumma kamar laya."

Ashe kalma guda ta ɗauko wa marubuciyarmu kuskure biyu. Ta sa wa amaryar ƙauye turaren da ya fi ƙarfin gidansu, ta kuma kira shi da sunan da babu wanda ya san shi a lokacin. Wannan ne ya sa muka bi sawun kalmar, sawun kuma bai tsaya ba sai da ya kai mu kudancin Indiya, ƙasar Tamilawa.

ITACEN KANSA

Wannan itace ba ya fitowa a ƙasar Hausa, ba ya ma fitowa a ƙasar Larabawa. Mazauninsa dazuzzuka ne masu yawan ruwan sama: jihar Asam a arewa maso gabashin Indiya, yankin Silhet na Bangaladash, da ƙasashen Bama, Tailan, Kambodiya, Biyetnam, Malesiya da Indunusiya. Masana tsirrai suna kiran danginsa Aquilaria. Bishiyar idan tana da lafiya ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Itacenta fari ne sakwat, ko masassaƙi ba zai yi marmarinsa ba. Sai ta ji rauni, tsutsa ta huda ta ko iska ta karya mata reshe, fumfuna ta shiga ciwon, sannan take fara tsatso wani baƙin ƙaro don ta tsare kanta. Shekara da shekaru ƙaron yana ratsa itacen har ya yi baƙi ya yi nauyi. Wannan ɓangaren da ya sha ƙaro shi ake sassaƙowa a sayar, ko a dafa a tatsi mansa.

Mafi kyawunsa idan aka jefa shi a ruwa nutsewa yake yi. Shi ya sa Sinawa suka ba shi suna mai ma'anar turare mai nutsewa, mutanen Japan kuma suka ari sunan daga gare su. Tsohon kundin tarihin Japan, Nihon Shoki, ya kawo labarin wani gungume da teku ta turo tsibirin Awaji a shekarar 595. Mutanen wurin suka ɗauka makamashi ne suka tura shi murhu, sai da ƙamshi ya game gari suka zare shi suka kai fada.

Da yake bishiyoyi kaɗan ne a daji ke yin wannan ƙaro, masu nema sukan sare da yawa kafin su dace da guda. Sara ta yi yawa har a 1995 aka sa nau'in Aquilaria malaccensis a jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido wajen fatauci tsakanin ƙasashe, a 2004 kuma aka haɗa da sauran danginsa. Yau a Asam da wasu wuraren shuka bishiyar ake yi a gona, a huda ta da gangan a sa mata ciwon. Garin Hojai na Asam shi ne babbar cibiyar wannan sana'a a Indiya, kuma daga yankinsa Haji Ajmal Ali ya fito, wanda ya kafa kamfanin turaren Ajmal a 1951. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar Ajmal a Kano ya riƙe wani yanki na wannan tarihi.

AKIL

Tamil harshe ne da mutane fiye da miliyan 70 ke magana da shi, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, da arewaci da gabashin Siri Lanka, da Singafo da Malesiya. Ba dangin Hindi ba ne. Yana cikin zuriyar harsunan Dirabidiya tare da Telugu da Kannada da Malayalam. Da yawa daga finafinan Indiya da ake fassara mana zuwa Hausa a 'yan shekarun nan, da Tamil ko Telugu aka yi su tun asali. Rubutaccen adabin Tamil ya kai kimanin shekara 2000, kuma tsofaffin waƙoƙinsu, waɗanda ake kira adabin Sangam, cike suke da ambaton wani itacen ƙamshi mai suna akil. Matan manyan gidaje sukan busar da gashinsu bayan wanka da hayaƙinsa. Wanda ya ga yadda matanmu ke kifa kwando a kan kasko su shimfiɗa tufafi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai abin lura a yadda mawaƙan Tamil suka ambace shi. Waƙar Pattinappalai, wadda ke siffanta tashar jiragen ruwa ta Puhar a bakin kogin Kaberi, ta lissafa akil da sandal cikin kayan da ake saukowa da su daga duwatsun yamma. Shi kuwa dogon labarin Silappatikaram ya sa akil cikin kayan da jirage ke kawowa ta teku, tare da tufafi masu laushi da kafur. Wato Tamilawa suna da nasu itacen ƙamshi na gida mai wannan suna, suna kuma sayo na ƙetare su kira shi da shi. Har yau a Kerala akwai bishiyar da ake ce wa farin akil, wadda ba ta cikin dangin Aquilaria.

A harshen Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, sunan itacen aguru ko agaru. Malaman Sanskirit sun fassara kalmar da nahawunsu: a tana kore abu, guru kuma nauyi, saboda haka aguru na nufin marar nauyi. Fassarar ta yi daɗin ji, sai dai ta ci karo da itacen kansa, tunda darajarsa a nauyinsa take. Wannan na cikin abin da ya sa Thomas Burrow, farfesan Sanskirit a jami'ar Okusfod, ya tafi a kan cewa kalmar baƙuwa ce a Sanskirit, daga harsunan Dirabidiya aka aro ta, daga baya malamai suka nema mata ma'ana a gida. Shi da Murray Emeneau suka fitar da ƙamusun asalin kalmomin Dirabidiya a 1961, suka sabunta shi a 1984, kuma akil tana ciki tare da 'yan uwanta na Malayalam da Kannada.

Ba duk masana suka yarda ba. Wasu sun ce tunda bishiyar ta asali a Asam da gabashinta take, to daga harsunan mutanen can sunan ya fara fitowa, Tamil da Sanskirit duka aro suka yi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne akil da aguru 'yan gida ɗaya ne, kuma daga wannan gida sunaye suka watsu gabas da yamma. Mutanen Malesiya da Indunusiya suna cewa gaharu. Masu Hindi suna cewa agar, daga nan Turawan Ingila suka sami agarwood. Turaren tsinken nan na Indiya da ake sayarwa a kowane tebur, ku duba kwalinsa za ku ga an rubuta agarbatti, wato lagwanin agar, ko da yake na arahar nan suna kawai ya gada.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye a matsayin marubuta. A Asam ɓawon wannan bishiya aka riƙa gyarawa ana rubutu a kansa, suna kiran takardar sancipat. Marubucin Sanskirit Banabhatta, wanda ya rayu a ƙarni na 7, ya ambaci littattafan da aka rubuta a ɓawon aguru cikin kyaututtukan da Bhaskarabarman, sarkin Kamarupa, ya aika wa sarki Harsha. Bishiya guda ta ba su turare ta ba su takarda.

YADDA KALMAR TA BI TEKU

Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, sai da mai ɗauke da ita. Tun kafin zuwan Musulunci da ɗaruruwan shekaru, jirage suna bin iskar damina tsakanin kudancin Indiya da Bahar Maliya: iska ta kai su Indiya a wani yanki na shekara, ta juyo da su a wani. Masu tonon kayan tarihi sun samo fasassun tukwane masu rubutun Tamil a tsofaffin tashoshin Berenike da Kusair a gaɓar Masar, da kuma Khor Rori a ƙasar Oman. A Berenike har tulu aka tono ɗauke da kilo 7.5 na barkonon Indiya. Ta gabas ma haka: a 1025 sarkin Tamilawa Rajendra Chola ya kai yaƙi ta teku kan daular Siribijaya, kuma a kusa da Barus ta tsibirin Sumatara, garin kafur, an sami dutse mai rubutun Tamil na shekarar 1088 wanda wata ƙungiyar fatake ta kafa. Tamilawa dillalai ne da ke zaune a tsakiyar hanya, kamar yadda Kano ta zauna tsakanin sahara da kurmi. Dillali kuwa sau da yawa da sunan da ya kira kaya ake sanin su.

A tsofaffin littattafan Yahudawa na harshen Ibrananci, sunan wannan turare ya zo a wurare huɗu, a matsayin ahalim ko ahalot: a Littafin Ƙidaya, da Zabura ta 45, da Karin Magana, da Waƙar Waƙoƙi. Idan aka cire ɗafin jam'i, abin da ya rage shi ne ahal. Likitan Girka Diyoskoridis, a ƙarni na 1, ya rubuta shi agallokon, ya ce daga Indiya da ƙasar Larabawa ake kawo shi, ana tauna shi don ƙamshin baki, ana kuma ƙona shi a madadin lubban. Ku lura da harafin l a ahal da agall. Akil tana da shi, aguru ba ta da shi. Wannan ce babbar hujjar masu cewa daga bakin Tamilawa kalmar ta isa yamma, irin su David Shulman a littafinsa na tarihin harshen Tamil na 2016. Masu ja da su kuma suna nuna cewa a harshen Pali, ƙanen Sanskirit, akwai agalu, ita ma da l ɗinta. Haka muhawarar ilimi take, kowa ya ajiye hujjarsa a faifai a gani.

KUSKUREN MIKIYA

A 1498 Basko da Gama ya sauka a Kalikut, a 1511 kuma mutanen Fotugal suka ci Malaka. A gaɓar Kerala suka ji 'yan kasuwa suna cewa akil ko agil, suka rubuta aguila. To a harsunan Turai da suka fito daga Latin, wannan lafazi ya yi kama da sunan mikiya, wadda Latin ke kira aquila. Nan da nan aka fassara sunan zuwa itacen mikiya, a Latin da Faransanci da Ingilishi. Babu mikiyar da ta taɓa sheƙa a wannan labari, kunne ne kawai ya yaudari alƙalami. Da masanin Faransa Lamarck ya zo raɗa wa bishiyar sunan kimiyya a 1783, sai ya gina shi a kan wannan kuskure ya ce Aquilaria. Yau duk littafin kimiyyar tsirrai a duniya yana ɗauke da kalmar Tamil sanye da fuka-fukan aro.

Akwai kuskure na biyu. Masu fassara littattafan Ibrananci zuwa Girkanci da Latin sun haɗa ahalot da aloe, sunan tsiron nan mai kauri da ɗaci da muke kira alobera. Har gobe akwai masu karanta tsofaffin littattafai su zaci da ganyen alobera sarakunan dā suke turara riguna.

LARABAWA SUN CE ITACE

Mu ta hannun Larabawa abin ya iso mana, su kuma wata hanya suka bi wajen suna. Ud a Larabci na nufin itace ko tsinke, kowane iri. Darajar wannan ce ta sa ya ƙwace sunan, kamar yadda idan Bahaushe ya ce "birni" a Minjibir ba sai ya ce Kano ba. Kayan kiɗan nan na Larabawa mai kama da garaya shi ma al-ud ne sunansa, don da itace ake yin sa.

Akwai wata tsohuwar kalma, aluwwa. Ita ce ta zo a hadisin Bukhari da Muslim da ke siffanta turaren 'yan Aljanna, ta kuma zo a Muslim cikin bayanin yadda Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, yake turara jikinsa da ita zalla ko haɗe da kafur. Masanin lugga Asma'i ya ce yana ganin kalmar Farisanci ce aka Larabce ta. Ke nan bin asalin kalma ba aikin Turawa kaɗai ba ne, malamanmu na farko sun yi shi ba tare da jin nauyi ba.

Fataken Larabawa sukan bambance ud da sunan inda aka ɗauko shi: hindi daga Indiya, kumari daga ƙasar Kemar wadda ita ce Kambodiya, sanfi daga Campa a Biyetnam ta yau, kakulli daga tashar Kakula. Wanda ake rubuta wa "kambodi" a kwalba yanzu, jikan kumari ne. Ibn Batuta ya je Kakula a wajajen 1345, ya ce ya ga giwaye ɗauke da ud, mutanen garin suna hura wuta da shi a gidajensu, a tsakaninsu kuma farashinsa bai wuce na itacen girki ba. Shi dai wannan matafiyi, a 1353 yana Takadda kusa da Agadas, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Mutum guda ya taka inda ake saran itacen, ya kuma tako bakin ƙasar Hausa.

A nan akwai gargaɗi. Udul Hindi da ya zo a hadisin magani, malamai sun bayyana cewa kustu ake nufi, wato kustul Hindi da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Saiwar wani tsiro ce daban ta tsaunukan Himalaya. Marubucin da ya sa jarumarsa ta daka itacen turare ta ɗura wa yaro a hanci da sunan sunna, ya koya wa mai karatu abin da zai cutar.

YADDA YA SHIGO MANA

Ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas, da hanyar alhazai ta Barno da Wadai da Darfur, su ne suka riƙa kawo kayan ƙamshi ƙasar Hausa. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce masaukinsu. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Alfindiki daga al-funduƙ take, wato masaukin fatake, Dandalin Turawa kuma Larabawa ake nufi, don su aka fara kira Turawa. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa lubban da jawi da kanumfari da man wardi cikin kayan da ake shigowa da su, ya kuma yaba yadda tufafin Kano ke kai wa har Murzuk da Tarabulus da Tumbuktu. Minjibir da ƙauyukanta tsofaffin garuruwan masaƙa ne. Saƙinmu ya tafi arewa, ƙamshi ya gangaro kudu, ko da yake, kamar yadda Iya ta faɗa, ba kowane ƙamshi ne ya iso ɗakin matar masaƙi ba.

Ku dubi yadda Hausa ta karɓi waɗannan baƙi. Al-ud ta haɗiye shi da al ɗinsa, kamar yadda ta yi wa alƙalami da albasa da almakashi da aljihu. Sannan harshen Bahaushe ba ya son rufe kalma da d. Ko dai ya ƙara wasali, Dawud ya zama Dauda, Sa'id ya zama Sa'idu, ko ya tausasa harafin. Ta haka aka sami al'ul. Jawul kuwa guntun suna ne, cikakkensa lubban jawi, wato lubban na Jawa, ƙaron wata bishiya ta Sumatara. Mu muka yar da lubban muka riƙe jawi. Turawa kuma suka zaci lu ɗin farko harafin nuni ne suka yanke shi, abin da ya rage ya zama benzoin, daga nan aka sami sunan sinadarin benzin. Shi kuma farce da mata ke sawa a haɗin turaren wuta da humra, murfin wani dodon koɗi ne na teku, Larabawa suna ce masa zufur saboda kamarsa da farce, mu kuma muka fassara kai tsaye.

To ina Tamil a bakinmu? Al'ul ba jikar akil ba ce, itace ɗaya suke nufi amma gidajensu daban. Sai dai a cikin jerin da Iya ta lissafa akwai sandal. Larabci ya aro ta daga Farisanci, Farisanci daga candana ta Sanskirit, ita kuma Burrow ya danganta ta da kalmomin Dirabidiya irin su cantu ta Tamil. Bishiyar sandal kuwa tana fitowa a kudancin Indiya. Ta biyun ta fi kusa da mu. Tamilawa suna kiran wata bishiya ma, ɗanyen ɗan itace kuma kay, suka haɗa suka ce mankay. A Malayalam ta zama manga, mutanen Fotugal suka ɗauke ta da 'ya'yan da sunan suka kai gaɓar Afirka, Yarabawa suka ce mangoro, mu muka ce mangwaro. Mun tafi neman Tamil a kwalbar turare, ashe tana tsaye a gonakin Wasai da Kantama, yara suna jifan ta kowace bazara.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, kamar lafazi ba hujja ba ce. Gobe wani zai iya tashi ya rubuta cewa sunan Aƙilu daga akil ta Tamil yake, a yi ta yaɗawa har ya zama kamar gaskiya, musamman da yake muna da son Indiya a zuciya. Alhali Aƙilu daga Larabci yake, tushensa ɗaya da aƙali, wato hankali. Kafin mu ce kalma kaza daga harshe kaza take, mu nuna hanyar da ta biyo, da zamanin, da mutanen da suka ɗauko ta. Mangwaro tana da duk wannan. Aƙilu da akil ba su da komai sai kama, kuma kama da wane ba ta wane. Malaman Sanskirit da masu ilimin Turai duk sun faɗa wannan rami, mu ba mu fi ƙarfinsa ba.

Na biyu, mu koma ga ƙamus kafin mu koma ga kwalba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a intanet kyauta, ga na Abraham, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sama da su duka akwai tsofaffin da ke gidajenmu, waɗanda ba sa buƙatar data. Kalma irin al'ul, idan ba mu rubuta ta ba, za ta tafi tare da masu faɗin ta, jikokinmu su tashi suna zaton Hausa ba ta san wannan itace ba sai da aka fara zuwa Dubai.

Na uku, kalmar da muka zaɓa tana gaya wa mai karatu zamani da matsayi ba tare da mun yi bayani ba. Idan jarumarmu 'yar kasuwa ce da ke sayar da turare ta WhatsApp a Kano ta yau, ta ce ud, mu rubuta shi u da d yadda ƙa'idar rubutun Hausa take. Idan uwar soro ce a gidan hakimi a 1950, al'ul za ta ce, kuma a ɗan akwati za ta ɓoye shi. Idan amaryar manomi ce a Kunya, a ba ta kajijinta da hanonta, ƙamshinsu ya ishe ta, ya kuma fi gaskiya.

Mun mayar wa 'yar uwarmu babinta da wannan bayani. Ta cire kalmar, ta kuma ƙara wani ɗan yanayi da babu shi a da: gwaggon ango, wadda ta taɓa zuwa Makka, ta kwance bakin zane ta fito da ɗan guntun al'ul, ta kankara kaɗan a garwashi ta mayar da sauran. Wannan sakin layi ya fi duk abin da ke babin rai.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya sami wani tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya tambayi sunan abu guda na ɗakin amarya, ko na saƙa, ko na rini, wanda yanzu ba a jin sa. A rubuto mana kalmar yadda aka faɗe ta, da garin da aka ji ta, da abin da take nufi. Kada a yi mata ƙirƙirarren asali. Za mu tattara su mu bi sawun guda biyu ko uku a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Wanda ya ga gyara a abin da muka kawo, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma.

Daga Minjibir.